Sunan da Na Kira a Ɗakin Katifu

Ɗana ya daina zuwa wurina ranar Juma'a. Da wannan zan fara, domin shi ne abin da ya hana ni sukuni, sauran duk dogon zance ne irin na tsoho. Tun da ya biyo ni Doha ya samu aikin gadi a wani dogon bene a Mushairib, in an sauko daga masallaci sai ya kamo hanya har Ain Khaled, inda nake da ɗan ɗaki a bakin ƙofar gidan kafil ɗina, wato maigidan da nake wa tuƙi. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni, in ce masa "ka iso?", ya ce "na iso, Baba." Mu ci shinkafa da kifi, ya ba ni labarin wurin aikinsu, ni kuma in ba shi labarin ciwon gwiwata, da an yi la'asar ya tashi. Ba wata hira muke yi mai yawa ba, amma a wurina duk mako babu rana kamar ta. Kwanan nan sai na wayi gari ina dafa abincin mutum biyu ina ci ni kaɗai. Na san dalili, ba sai an gaya mini ba. Dalilin ni ne, da wani faifan waƙa da na je na yi da furfura a gemuna.

Shi ne ɗan farina. Yaran yanzu in ka ce musu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, sai su dube ka kamar kana ba su tatsuniya. Ina ganinsu a nan, matasan direbobi da masu gadi, mutum ya kanga waya a fuska yana kiran jaririnsa na fari da suna har sau goma, yana yi masa wasa da harshe, ana jin surukarsa tana dariya a gefe. Ba na cewa sun yi laifi, amma mu ba haka muka taso ba. Ni ma ɗan fari ne a gidanmu, kuma har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In zai yi magana a kaina sai ya ce "ɗan Inna", wato kakata, don ita ta yaye ni kuma a ɗakinta nake kwana. In kuwa ni da shi ne, "kai" ya wadatar.

Injin niƙa yake da shi, a bayan tashar jirgin ƙasa ta garinmu. Wanda bai tashi a gidan niƙa ba bai san ƙara ba. Da sassafe ni ke cika durom ɗin sanyaya inji da ruwa, in share garin jiya da ya kwanta a ƙasa, in duba bel ko ya saki. Sai Baba ya zo ya kama ƙarfen tayarwa ya murɗa, ya murɗa, injin ya yi tari sau biyu kamar tsohon da ya shaƙi taba, sannan ya kama. Daga nan har azahar ba ka jin komai sai shi. Mata da 'yan mata su jera ƙore da kwanuka a bakin ƙofa, wannan dawa, wannan masara, waccan jiƙaƙƙen gero na kunu, kowace tana cewa ita ta riga zuwa. Aikina ne in karɓa, in tambayi mai shi laushi take so ko tsaki, in mayar wa Baba da amsa, duk a cikin wannan rugugi. To a nan maƙogwarona ya buɗe. Ina yaro ƙarami nakan yi magana daga bakin inji a ji ni a tsallaken titi. Shi kuwa Baba ba ya ɗaga murya. In yana so in juyo sai ya ƙwanƙwasa bututun inji da sifana, in na yi nisa ya jefo mini totuwar masara, kuma bai cika kuskure ba. Da yamma mu fito fari fat har gashin ido, Inna ta ce ga fatalwowinta sun dawo, a ba su ruwan wanka.

Akwai ranar da ba na mantawa. An ɗinka mini sabuwar riga ta sallah mai faɗin hannu, na ƙi cirewa, na shiga da ita gidan niƙa don 'yan mata su gani. Na juya wa injin baya ina karɓar ƙwarya, hannun rigar yana lilo dab da bel. Baba yana can bakin ƙofa, ba sifana a hannunsa, ba totuwa. Da ya ƙwala mini kira da sunana, da na juyo. Bai kira ba. Tsalle ya yi ya keta tsakanin mata, ya fizge ni da hannun hagu, bel ɗin ya kama na damansa, ya tafi da yatsu biyu. Na tuna jini a cikin farin gari, na tuna yadda injin ya ci gaba da aikinsa kamar ba abin da ya faru har sai da wani ya kashe shi. Bayan an dawo daga asibiti, maza suka cika zaure ana jaje, na ji wani dattijo yana cewa, "Kun ga mutum. Ko a wannan hali bai kama sunan yaron ba." Kowa ya jinjina kai. Inna kuma ta jawo ni jikinta ta ce, "Ka gani ko? Wanda ake ji da shi ba a yawo da sunansa a baki." Na yarda da ita, har gobe ma na yarda. Sai dai tun daga ranar nakan zauna in yi ta tunanin yadda sunana zai fito a muryar Baba, ko zai ja ƙarshensa kamar yadda Inna take yi, ko zai datse shi. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Waƙa kuwa wani makanikin jirgin ƙasa ne ya jefa ni cikinta. Yana da faya-fayan garmaho da wani Baturen injiniya ya bari da zai koma ƙasarsu, irin kiɗan nan mai tsawa da suke kira hebi-metal, jita tana kuka, ganguna suna zuba kamar ƙanƙara a kan kwano, mawaƙin yana ihu kamar an taka masa ƙafa. Mutanen gari suka ce kiɗan aljanu ne. Ni da na ji shi, gida na ji, domin sak gidan niƙa ne aka sa masa tsari. Makanikin ya zo kawo niƙan matarsa ya ji ni ina magana a kan ƙarar inji, ya ce, "Wannan maƙogwaro ai ɓarna ake yi da shi a nan." Muka haɗu mu biyar, da jita ta hannu da aka yi wa ɗori da waya, da lasifika mai aiki da batirin babbar mota. Muka riƙa sa baitocin Hausa a kan wannan kiɗa, muna yi wa tsadar kananzir waƙa, da jirgin da ba ya zuwa a kan lokaci, da 'yan matan da suka ƙi mu. Sunan da gari ya ba mu shi ne mahaukatan tasha, kuma mun ji daɗin sunan. Da labari ya kai kunnen Baba, bai dube ni ba. Ina zaune a wurin ya ce wa kakata, "Inna, ki gaya wa ɗanki, murya amana ce." Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kai ke nan.

Kaset ɗaya tak muka yi, a ɗakin ajiyar kaya na gidan sinima. Makirfo ɗaya aka rataye a tsakiya, mu duka muka kewaye shi, mai ganga aka tura shi can kusurwa don kada ya danne kowa. In mutum ɗaya ya yi kuskure a baitin ƙarshe, sai a koma tun daga farko, ana zaginsa ana dariya. Zufa, warin taba, wani ya taka wayar wani. Har zakaran mai gadin sinimar ya samu shiga cikin waƙa ta uku, muka bar shi don ba mu da wani kaset ɗin. Daga baya kowa ya kama gabansa. Baba ya rasu, injin ya tsufa aka sayar, na yi aure, na koyi tuƙi, aka haifa mini wannan yaro. Na miƙa shi ga mahaifiyata kamar yadda aka yi da ni, ya zama "ɗan Hajiya" a bakina. Sai hanya ta buɗe na taho nan, na yi ta jan motar gida ɗaya har 'ya'yan da na kai makaranta suka haifi nasu, nake kai su su ma. A Doha ba wanda ya san ni da ihu. Baba Direba ake ce mini, kuma in an yi suna ko rasuwa a cikin 'yan uwa, ni ake turawa gaba in yi addu'a.

A wurin wata walimar suna a Al-Sadd asirina ya tonu. Akwai wani mutumin Zangon Kumasi, magidanci, aikinsa haɗa lasifika a otal-otal da wuraren biki, mutum ne mai son kiɗa kamar me. Bayan an ci an sha ya ciro waya ya ce, "Ku ji wasu mahaukata daga Najeriya, tun ba a haife ni ba." Ashe wani ya tsinci kaset ɗinmu ya ɗora a intanet. Jita ta fara, zakara ya yi cara, sai ga muryata ta ina ɗan shekara ashirin ta cika ɗakin. Na sunkuyar da kai ina jan carbi, amma leɓena ya ci amanata, yana bin baitin. Mutumin ya ƙura mini ido, ya jira sai da aka watse. A bakin lif ya tare ni ya ce, "Baaba, kai ne, ko? Kar ka ɓoye mini. Muryan nan, shekara nawa ina neman mai shi." Na ce masa wanda ya yi wannan ya daɗe da mutuwa. Ya ce to a tashe shi.

Ya bi ni, ya bi ni, har na yarda. Ba zan ɗora masa laifi ba, don ba a jan wanda ba ya son tafiya. A gidan da yake haya a Al-Sadd ya ware ɗaki guda ya manne bangonsa da tsofaffin katifu da kwalayen ƙwai, wai kada ƙara ta fita maƙwabta su kai ƙara. Mai jitar wani ɗan Filifin ne da ke aiki a wani asibiti, mai gangar kuma ɗan Nefal ne mai tsaron kanti. Abin mamaki, har aka kusa gama faifan ban taɓa haɗa ido da mai gangar ba. Kowa ranar da ya samu hutu yake zuwa ya zuba nasa ya tafi, kwamfuta ta haɗa. Ni lokacina shi ne tsakanin kai yara makaranta da ɗauko su. In shiga ɗakin katifu ni kaɗai, a rufe ƙofa, a ɗaura mini abin ji a kunne, kiɗa ya zubo mini a ka, ba zufar kowa, ba mai zagina in na yi kuskure. In na kauce, sai mutumin Kumasi ya ce ta cikin kunnena, "Ba komai, Baaba, inji zai gyara." A da mu ke bauta wa waƙa har ta yarda ta fito, yanzu kuwa gutsure-gutsure ake ɗinka ta. Duk wannan ɗana bai sani ba. Yakan zo ranar Juma'a ya ji muryata a dishe, in ce masa sanyin mota ne.

Gaskiyar magana, muryar ta tafi. Ƙasa-ƙasa tana nan, har ta ƙara kauri, amma can sama inda nake hawa da ina saurayi, in na miƙa sai tari ya amsa. Waƙa ta ƙarshe kuma tana da wani wuri da kiɗa ke tsayawa cak, a bar mawaƙi shi kaɗai ya tsaga shirun. Na gwada ranar farko, na gwada ta biyu, abin da ke fita kamar kukan tsohon rago. Mutumin Kumasi ya cire abin kunnensa ya leƙo ya ce, "Baaba, ka bar waƙa. Kar ka yi waƙa. Ka kira mutum. Ka ga wani naka can nesa, mota na zuwa, bai gani ba. Yalla, kira shi." Ya rufe ƙofa. Kiɗa ya taso, ya taso, ya tsaya. Na rufe ido, ban shirya komai ba, wallahi ban shirya ba. Sai na ga yaron nan yana ɗan shekara uku, da 'yar shuɗiyar riga, yana tafiya tangal-tangal ya ba ni baya. Bakina ya buɗe, sunansa ya fito, cikakke, tun daga cikina har rufin ɗakin, na ja ƙarshensa har numfashina ya ƙare. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da liman ya raɗa shi.

Na buɗe ido. Mutumin ya shigo idonsa ya yi ja, ya ce, "Khalas, Baaba, an gama. Wane ne wannan?" Na ce wani ne. Ya sake kunna mini. A nan ya kamata in ce a goge. Na san abin da na yi, na san wanda zai ji. Amma a duk faifan nan, wannan ne kaɗai wurin da inji bai taɓa ba, kuma a nan kaɗai na ji saurayin gidan sinima ya dawo da ransa. Son a ce tsoho bai mutu ba ya rufe mini baki. Na ce wa kaina ai kiɗan Turawa ne, Turawa za su saurara, wa zai kai shi garinmu. Na duba agogo na ce lokacin ɗauko yara ya yi.

Faifai ya fita, kuma ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Mutumin Kumasi yakan kira ni yana karanto mini abin da mutane suka rubuta daga ƙasashen da ban san da su ba, yana fassarawa. Wai tsoho ya koya wa yara yadda ake yi. Wani ya ce waƙoƙin tsakiya sun yi sanyi, an ji hannun kwamfuta a ciki, kuma ban ji haushinsa ba don gaskiya ya faɗa. Amma kowa, mai yabo da mai suka, a waƙar ƙarshe yake tsayawa. Wannan kira, in ji su, shi ne faifan. Aka yanko wurin kaɗai, ɗan guntu, aka riƙa yawo da shi a waya. Kwana kaɗan na yi ina jin kaina a sama, har ina satar kallon fuskata a madubin mota.

Sai saƙon murya ya shigo daga gida. Matata ce, uwarsa, wadda ita ma ba ta taɓa kama sunan ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Malam, an kawo mini wani abu a waya a gidan biki, a gaban ƙannena da matan unguwa. Na ce ba kai ba ne. Suka sake kunnawa." Sannan ta ce, "Allah ya rufa asiri," ta kashe. Ƙanwata kuwa dariya ta yi ta yi, ta ce ashe Yaya ƙauna ce ta yi yawa har ta fashe, a kawo masa zanen goyo ya ɗaura. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Ba kunyar waƙar ba, wannan da sauƙi, kowa ya san ƙuruciya. Kunyar ita ce na tsaya a gaban duniya na buɗe abin da ubana ya ba da yatsunsa bai buɗe ba, kuma ba don ceton rai na yi ba, don a tafa mini na bar shi. A masallacin unguwa na koma sahun baya. Da aka yi wata rasuwa aka ce Baba Direba ya yi addu'a, na ce maƙogwarona yana ciwo.

Labarin ɗana a bakin wani abokin aikinsa na ji. Ashe guntun ya shiga ɗakin kwanansu na masu gadi. In zai shiga wanka sai wani ya ƙwala masa kira da irin muryata, in ya fito duti a tarbe shi da shi, har wani ya sa shi ya zama ƙarar shigowar kira a wayarsa. Shi kuwa mutum ne mai kamun kai, ba ya son a nuna shi da yatsa, ko hoto ba ya yarda a ɗauke shi. An ce har ya cakumi wuyan wani, sufabaiza ya raba, ya ja masa kunne cewa in ya sake za a rubuta shi. Wato na zubar da mutuncina, na haɗa da nasa, har aikinsa na so in taɓa. Na ɗauki waya ban san sau nawa ba in ajiye. Me zan ce? Ban saba ba shi haƙuri ba, shi ma bai saba ji ba.

Ranar Talatar nan da hantsi, bayan na sauke yara, na ajiye mota na shiga jirgin ƙasa zuwa Mushairib. Unguwar nan na san ta tun tana tsofaffin kantuna da lunguna masu warin kayan yaji, yanzu duk an rushe an yi farin dutse da gilashi, ko takarda ba ka gani a ƙasa. Na hango shi a ƙofar beninsu, cikin kayan aiki, hannuwa a baya. Ya gan ni, ya yi wa abokin aikinsa magana, ya taho. Duk da kayan da ke jikinsa da mutanen da ke wucewa, sai da ya rusuna.

"Baba, lafiya? Da ka kira ni ai."

Na ce, "Lafiya lau. Wucewa nake yi." Ya san ƙarya ce, ba abin da ke kawo ni nan. Muka koma inuwar wani ginshiƙi. Na dubi takalmansa na ce, "Abin nan da ake yawo da shi. Na yi magana da mai shi, za a cire waƙar. Wanda ya riga ya bazu ba ni da iko da shi, amma za a cire."

Ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Kada a cire, Baba."

Na ɗago. Shi kuma ya kawar da kai yana kallon titi.

"An ce suna damunka," na ce.

"Suna damuna. Wannan ba komai ba ne, za su gaji." Ya gyara hularsa. "Ba fushi na yi ba. Na rasa yadda zan zauna a gabanka ne in ci abinci bayan na ji. Kullum kafin in fito duti sai na saurara. Baba, ina ƙarami, wallahi na ɗauka mantawa ka yi da shi. Har na taɓa tambayar Hajiya ko ka san sunana, ta yi dariya ta ce in bar shirme. Da na girma na gane al'ada ce, na kuma san ba ƙi ba ne. Amma ganewa daban, ji daban."

Na zo da kunya ɗaya, sai ga wata ta fi ta nauyi. Duk shekarun nan ina ganin na riƙe masa abu mai daraja, ashe yaron yana tsaye yana jira, kamar yadda na jira, kuma ni na fi kowa sanin yadda jiran yake. Da ya tashi samu, a waya ya samu, tare da dubban baƙi, a bakin wani tsoho mai ihu a ɗakin katifu.

Abin magana da ke kafaɗarsa ya yi ƙara, ana nemansa. Ya danna ya ce yana zuwa. Har ya juya sai ya tsaya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Akwai maganar da ban gaya maka ba. Can gida, wajen matata, ana sa ran ƙaruwa ta fari, bayan sallah in Allah ya so."

Na ce, "Allah ya raba lafiya."

"Amin. Baba, in an samu, ni zan riƙa kiransa da sunansa. A gabansa, yana ji. Kada ka ga kamar raini ne."

Na ce to. Ba ni da bakin cewa wani abu bayan to.

Ya ce zai zo ranar Juma'a, ya koma bakin aikinsa. Ni kuma na koma na ɗauko yara, suna ta surutunsu a baya ban ji ko ɗaya ba.

Gobe ce Juma'ar. Na sayo kifi, na jiƙa shinkafa. Zai yi sallama ya durƙusa, kuma na san abin da zai saurara, ko da ba zai nuna ba. Tun shekaranjiya, duk sanda na sauke yara na rage ni kaɗai a mota, sai in ɗage gilashi in gwada faɗin sunan a hankali, da muryar da ake ce wa mutum ga ruwa ka sha. Da ihu na iya, duniya ta shaida. A hankalin ne har yanzu bai fita ba.